Masu bashin waya sun tura wa surukin ƙanena saƙo, ina mafita?

Babbar Yaya, Pantami

Assalamu alaikum jama'a. Abu ya same mu a gida, kwana biyu ke nan ban yi barcin kirki ba. Ƙanena Keke Napep yake ja, yawanci tsakanin Tashar Dukku da Babbar Kasuwa. Injin ya buga masa, bai gaya wa kowa ba, ya je ya ci bashi a wata manhajar waya. Naira 20,000 aka rubuta, 14,000 ce ta shigo asusunsa, wai ya biya cikin kwana 7. Ya makara da kwana 3.

Ranar Talata da safe sai ga hotonsa a WhatsApp ɗina, wanda ya ɗauka riƙe da takardar NIN, an rubuta da Turanci wai ɓarawo ne ya gudu da kuɗin kamfani. Innarmu ma saƙon tes ya shigo mata. Da yake ba ta karatun boko, sai ta miƙa wa yaron maƙwabta ya karanta, yaron ya fara ya yi shiru, ya ajiye wayar a kan tabarma ya fita. Wanda ya fi ƙona min rai shi ne baban yarinyar da aka sa musu rana bayan Babbar Sallah, shi ma an tura masa.

Ta ina suka samu lambobinmu? Ƙanena ya goge manhajar amma ba su daina ba, yanzu cewa suke za su turo 'yan sanda.

Mai Gyaran Waya, Jekadafari

Wa alaikumus salam Yaya. Allah ya kawo sauƙi. Shi da kansa ya ba su, bai sani ba. Lokacin da ake saka irin waɗannan manhajoji suna neman izinin shiga lambobin waya, da hotuna, da saƙonni. Mai neman kuɗi ido rufe danna amincewa kawai yake yi. Kafin kuɗin su shigo an riga an kwashe duk sunayen da ke wayar an kai rumbunsu a intanet. Shi ya sa gogewa ba ta hana komai, abin ya riga ya bar hannunsa. Kuma yadda ya ajiye sunan haka suke gani. In ya rubuta "Inna" ko "Baba Suruki", ai ya nuna musu inda zai fi jin zafi.

Ki tambaye shi daga ina ya sauke ta. Tun ƙarshen Mayun 2023 Google ta hana manhajojin bashi da ke Play Store taɓa lambobi da hotunan mutane. Waɗanda ake kawo min shago da wannan matsala yanzu, galibi ta wani adireshi da aka turo a WhatsApp ko tallan Facebook suka sauke. In ya saka lambar katin ATM ɗinsa a ciki, gobe ya je banki a toshe katin a ba shi sabo.

Dattijon Bolari

'Yata, ku haɗa kuɗin nan ku biya, bashi hanji ne yana cikin kowa, amma na ruwa ba ya barin mutum lafiya. Kuma kada ku bar maganar suruki a waya. A tura babba ya taka har gida.

Lauyar Tudun Wada

Baba ya yi gaskiya a kan biya, amma ina so Yaya ta raba abu biyu. Bashi daban, tozarci daban. Ƙaninki ne ya ci bashi. Inna ba ta ci ba, surukin bai ci ba, babu wanda ya nemi yardarsu kafin a ɗauki lambobinsu. Lambar surukin nan ba kayan ƙaninki ba ce balle ya ba da ita jingina. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta tanadi a kai irin wannan ƙorafi hukumar kare bayanan jama'a ta ƙasa, NDPC. Akwai kuma FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, wadda ta kai samame ofisoshin wasu masu wannan bashi a Legas a Maris na 2022, daga baya ta wajabta musu rajista. Sunayen waɗanda ta amince da su na shafinta, ku duba ko tasu na ciki.

Kada kowa ya goge saƙon don baƙin ciki. Ku ɗauki hotonsa da lambar da ta turo da ranar, haɗe da shaidar kuɗin da ya shigo. Barazanar 'yan sanda kuwa kada ta razana ku, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai. Babban abin da nake roƙo, kada ya ci wani bashin a wata manhajar don ya toshe wannan. Na ga wanda ya fara da ɗaya ya kai shida.

Babbar Yaya, Pantami

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tambaye shi, a WhatsApp abokinsa ya turo masa ita. Mun toshe katin, na kuma bi 'yan uwa gida-gida na tattara hotunan saƙon, mutum 11 zuwa yanzu. Kawu ya je wajen surukin bayan isha'i jiya. Ya karɓe shi da mutunci, ya ce ya ji, amma a ba shi lokaci ya yi shawara da 'yan uwansa. Ƙanina tun Talata bai fita masallaci ba, a ɗaki yake sallah.

Lauya, tambaya ɗaya ta rage min. Tunda ni ma lambata tana hannunsu ban kuma ci bashinsu ba, zan iya shigar da ƙorafi da sunana, ko sai shi?