Damuwar aiki: abokin aiki ya isa ko sai likita?

Tsohon Sufeto: Jama'a ni dai na tsaya a kan maganata, ɗan sandan da aiki ya fara taɓa masa zuciya, abokin aikinsa da aka horar ya fi masa likitan ƙwaƙwalwa amfani. Wanda bai taɓa ɗaga gawar yaro a wurin hatsari ba, bai taɓa ƙwanƙwasa ƙofar wata uwa ya ce mata ɗanta ya rasu ba, me zai gane? Mutum zai zauna gaban likita yana lafiya lau lafiya lau alhali rabonsa da barcin kirki tun ranar.

Kofur: Ranka ya daɗe da girmamawa amma wlh ban yarda ba. Wanda zan buɗe wa cikina yau gobe muna mota ɗaya a sintiri, jibi a ƙara masa girma ya zama ogana, kuma kai ma ka san tsoronmu, a ce wane kansa ya taɓu a karɓe bindiga a ajiye shi a aikin kanta a ofis shikenan fayil ya ɓaci. Gara na haɗiye.

Matar Ɗan Sanda: Ƙanena haɗiyewar nan mu take faɗo wa a gida fa. Maigidana in ya dawo daga mummunan aiki ko sallamar yara ba ya iya amsawa, ƙaramin abu sai tsawa, cikin dare ya farka a firgice. Ni ba ya gaya min wai kar ya ɗaga min hankali, to da zai samu na wurin aiki mai riƙon amana ai da na gode Allah.

Ma'aikaciyar Lafiya: Abin ba ƙarami bane, binciken jami'ar Cambridge da ya fito a 2019 ya nuna kusan 1 cikin 5 na 'yan sandan Birtaniya na da alamun ciwon firgici da ke biyo bayan tashin hankali. Sai dai Baba inda muka saɓa, abokin aiki ba ya warkar da wannan ciwon. Har tsohon salon nan na tara mutane zama ɗaya bayan abu ya faru a sa kowa ya maimaita abin da ya gani, bincike ya nuna ba ya hana ciwon, wasu ma yana fama musu. Tsarin TRiM da 'yan sandan can suka aro daga sojojin ruwa, abokin aiki zai zauna da kai bayan kamar awa 72, ya sake dubaka bayan wata 1, in abin bai sauka ba ya haɗaka da ƙwararre. Iyakarsa kenan.

Tsohon Sufeto: To 'yata wa zai kai shi wurin naku in ba ɗan'uwansa ba? Da ƙafarsa ba zai je ba. A New York sai da jami'ai suka yi ta kashe kansu a 1994 da 1995 sannan aka kafa ƙungiyar da yanzu ake kira POPPA a 1996, 'yan sanda ne ke sa kai suna sauraron 'yan'uwansu masu damuwa amma ba a ƙarƙashin rundunar take ba. A New Jersey kuma layin Cop2Cop waɗanda suka yi ritaya ne ke ɗaga waya.

Kofur: Yauwa na masu ritaya kam zan iya kira, ba ruwansu da ƙarin girmana. Amma sirrin fa, wa ya tsaya masa?

Ma'aikaciyar Lafiya: Sai doka. Amurka ta yi wata a 2021 da ta hana fitar da irin wannan hirar ga jami'an tarayya, amma in mutum ya ce zai kashe kansa ko zai cutar da wani ko ya amsa aikata laifi, ba a rufewa, kuma dole a gaya masa haka tun kafin ya fara magana.

Saje: Duk na ji ku amma an bar jaki ana dukan taiki. Mutum ya kwana a bakin aiki da safe a ce ya zarce, hutu sai roƙo, oga ya ci mutuncinsa gaban na ƙasa da shi, sannan a turo abokinsa da shi ma a gajiye yake wai ya saurare shi? Shi mai sauraren wa ke sauraronsa?

Matar Ɗan Sanda: Gaskiya ne Saje a gyara wannan, amma kafin a gyara ɗin fa? Nawa mijin yau da dare ma yana da aiki.

Kofur: Hajiya in akwai wani mai ritaya da yake jin maganarsa ki fara ta nan, ni ma shi zan nema.