Shin manhajar kariya kaɗai ta isa ta tsare fayiloli?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum. A makon jiya wani abokin aikina ya buɗe fayil da aka liƙo masa a imel da sunan rasit, kafin gari ya waye duk takardun da ke kwamfutarsa sun ƙi buɗuwa, sai wani saƙo a fuskar allo da ke neman kuɗin fansa. Abin ya tayar mini da hankali, domin aikina na shekara huɗu da hotunan iyalina duk suna cikin kwamfuta ɗaya. Ina da manhajar kariya, kuma akwai faifan ajiya na waje da ke jone da ita dare da rana. Shin wannan ya wadatar?

Mai Gyaran Kwamfuta:
Wa alaikumus salam, Malam. Bai wadatar ba, kuma raunin yana wurin faifan nan da ba ka zarewa. Irin wannan muguwar manhaja tana bin duk ma'ajiyar da kwamfutar ke gani ta kulle abin da ke ciki, don haka faifan da ke jone tamkar akuya ce da aka ɗaure a gaban kura. Idan ka gama kwafa, ka zare shi ka jefa a durowa. Masu wannan sana'a suna bin ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri daban. Sannan lokaci-lokaci ka riƙa buɗe fayil ɗaya ko biyu daga cikin kwafin, domin na sha ganin wanda bai san faifansa ya mutu ba sai ranar da buƙata ta taso.

Tsohon Akawu:
Ƙari a kan haka, ɗan'uwa, kada ka riƙa ɗage sabunta Windows. Lokacin da wata muguwar manhajar neman kuɗin fansa mai suna WannaCry ta ɓarke a watan Mayun 2017 har ta durƙusar da ayyukan asibitoci da dama a Ingila, Microsoft ya riga ya fitar da gyaran ɓarakar Windows da ta bi ta shiga tun watan Maris. Waɗanda ba su sauke shi ba su ne abin ya ci. Idan Windows 10 gare ka, ka sani tun 14 ga Oktoban 2025 kamfanin ya rufe tallafin da ya saba ba ta.

Uwar Biyu:
Malam, a kula da ajiyar intanet irin Google Drive, domin idan tana kwafa da kanta, fayil ɗin da aka kulle ma za ta kwashe, sai dai ka koma ga tsohon kwafi. Kuma ka saita Windows ta riƙa nuna ƙarshen sunan fayil, tunda ɓoye shi take yi, har mutum ya ga "rasit.pdf" alhali cikakken sunan "rasit.pdf.exe" ne, wato manhaja ce ba takarda ba.

Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na zare faifan yanzu, sai dai da na gwada, manyan fayiloli biyu sun ƙi buɗuwa, don haka yau da daddare zan sake kwafarsu.