Neman shawara: ina so in kai ɗalibaina bakin Binuwai ƙidayar tsuntsaye

Malamin SVT, Garwa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina koyar da kimiyyar halittu, wato SVT, a wata lise (makarantar sakandare) a nan Garwa. A hutun Disamba na je Kribi wajen ƙanena, sai ya kai ni wani ƙauyen masunta da ake kira Ebodje, kudu da Kribi a kan hanyar Kampo. Da dare wani saurayi ɗan garin ya ja mu bakin teku, ya hana kowa kunna tocila sai tasa mai jan haske. Mun yi tafiyar kusan awa biyu cikin yashi kafin muka tarar da wata uwar kunkurun teku ta fito tana haƙa rami da ƙafafunta na baya. Ya bari sai da ta fara zuba ƙwai, sannan ya zaro tef irin na tela ya auna bayanta, ya rubuta a wani littafi da gumi ya cinye masa bango: rana, lokaci, wuri, tsawo. Ya ce mini mahaifinsa da kwando yake zuwa kwasar ƙwan nan a da, shi kuwa yanzu da biro yake zuwa.

Tun da na dawo littafin nan yake raina. Mu ba mu da teku, amma ga Binuwai a ƙofar gida, kuma akwai yaran da nake koya wa sarƙar abinci a allo da ba su taɓa tsayawa sun kalli zalɓe yana kamun kifi ba. Ina da ƙungiyar ɗalibai 32, maza da mata, da madubin hangen nesa guda ɗaya tak na aro. Ina zan kai su? Wane wata? Wa zai ja mu? Kuma abin da muka rubuta, akwai mai buƙatarsa ko a durowa zai ƙare? Don Allah masu sani a taimaka.

Ɗan Lagdo:
Wa alaikumus salam Malam. Ai ba sai an yi dogon tunani ba, ku taho Lagdo. Tun da 'yan Sin suka gama madatsar nan a 1982 muke da namu tekun, in ka tsaya a wannan gaɓa ba ka hango waccan. Ku zo da sassafe wurin da jirage ke sauke kifi, tsuntsaye har sai kun gaji da kallo.

Baban Halima, Marwa:
In dai namun daji ne a kai su gandun dajin Waza kawai, su ga raƙumin dawa da gauraka da idonsu. Abin da yaro ya gani sau ɗaya a can ba zai manta ba har ya tsufa.

Tsohon ɗalibin Makarantar Namun Daji:
Malam, Allah ya saka da alheri. Na yi karatu a makarantar horar da jami'an namun daji ta nan Garwa, wadda aka buɗe a 1970, kuma na sha fita ƙidayar tsuntsayen ruwa. Zan saɓa wa 'yan'uwana biyu da suka riga ni, su yi haƙuri.

Waza wuri ne mai kyau, babu musu, amma tun da aka sace iyalin nan Faransawa a yankin a Fabrairun 2013 zuwa can ya zama sai da shiri da rakiya, ba na jin akwai shugaban makarantar da zai sa hannu ka kwashi yara 32. Lagdo kuma kuɗin mota zai sa ku je sau ɗaya a shekara. Shi kuwa wannan aiki duk amfaninsa a maimaitawa yake. Saurayin nan na Ebodje, abin da ya sa littafinsa ke da daraja shi ne gaɓa ɗaya yake bi dare bayan dare, shekara bayan shekara, har a iya cewa bana sun ƙaru ko sun ragu. Don haka ka zaɓi wani yanki na bakin Binuwai da za ku iya zuwa da ƙafa ko a kan moto, tsawon kilomita ɗaya ko biyu. Ka sa masa alamar farko da ta ƙarshe da abin da ba ya gusawa, kamar wata tsamiya ko wani dutse. Wannan ne filinku. Duk wata sau ɗaya, rana guda, lokaci guda.

Wata kuwa, Janairu ya fi. Ruwa ya ja baya, yashi ya fito, kuma baƙin tsuntsaye da ke gudo sanyin Turai suna nan, sai wajen Maris su fara komawa. A tsakiyar Janairu ne kuma ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda aka faro tun 1967, ƙungiyar Wetlands International ke tattara sakamakon. Ku fita bayan asuba, ku gama kafin tara da rabi. Ranar da hazo ya yi kauri ku rubuta cewa an yi hazo, domin ƙarancin abin da kuka gani ranar ba ƙarancin tsuntsu ba ne.

Kada ka tafi da 32 gaba ɗaya. Kafin ku iso komai ya tashi. Ka raba su takwas-takwas, kowane rukuni da watansa, ko biyu su fita rana ɗaya ta ɓangarori dabam. A cikin takwas ɗin, ɗaya mai rubutu, ɗaya mai duba agogo, biyu masu ƙirge. Masu ƙirgen kowa ya yi nasa a zuci, kada ya ji na ɗan'uwansa, sannan a gwama. In garke ne babba, a ƙirga goma a ga faɗin da suka ci, sai a riƙa auna sauran goma-goma. Za ka sha mamaki: wani zai ce 60, wani ya ce 200, a kan garken kirinjijiya guda. Wannan gardamar ita ce darasin, kada ka kashe ta da wuri.

Ku kuma rubuta sifili. In kun saba ganin dinya yau babu, a rubuta babu. Yara ba sa son wannan, gani suke kamar sun faɗi jarrabawa.

Akwai wani ɗan tsuntsu da nake so ka nuna musu a kan yashin tsakiyar kogi, bai kai kurciya ba, bayansa toka-toka, cikinsa ruwan ƙasa mai haske, da baƙin zane a kai da ƙirji kamar an ja masa kwalli. Turawa suna ce masa tsuntsun kada. Ba ya yin sheƙa, a cikin yashi yake binne ƙwansa, in rana ta take sai ya je ya jiƙa gashin cikinsa a ruwa ya dawo ya kwanta a kan wurin don ya sanyaya shi. Yaron da ya ga wannan da idonsa ba sai ka sake yi masa bayanin yadda halitta ke jure zafi ba. Amma daga nesa, don ƙafa ɗaya ta isa ta fasa ƙwan da ba a gani.

Batun inda za ku kai rubutun: akwai shafin intanet na eBird na jami'ar Cornell ta Amurka, kyauta ne, ka buɗe da sunan ƙungiyar ku riƙa shigar da jerin kowace fita. Manhajar Merlin tana taimakawa wajen gane tsuntsu, kuma in ka sauke kundin yankinmu tun a gida tana aiki ba intanet. Abin da ba ku gane ba ku ɗauki hoto ku sa a shafin iNaturalist, inda masana ke taimakawa a gane shi, ko ku rubuta "ba a gane ba". Kada a yi cika-baki da suna. Kuma ka je makarantarmu da kanka ka gaisa da malamai, ka gaya musu abin da kake shirin yi.

Maman Zara, nas:
Malam sannu da ƙoƙari. Ni ta ɓangarena zan yi magana. Kada yaro ko ɗaya ya sa ƙafa a ruwa, musamman kududdufan da kogi ya bari a baya masu ciyawa. Nan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya take, ƙwayar kuma ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Muna ganin yara da fitsarin jini kullum, wasu iyayen ma har suna ɗauka alamar balaga ce. Akwai magani, praziquantel, amma me ya kai mu? Takalmi rufaffe, hula, kowa da gorar ruwansa.

Sannan 'yan matan. In babu malama mace a tafiyar, ni dai ba zan bar tawa ta bi ku bakin kogi da duku-duku ba, kuma na san ba ni kaɗai ba ce. Ka nemi malama tun yanzu, ka rubuta wa iyaye takarda da lokacin dawowa a ciki.

Baban Halima, Marwa:
Na karɓi gyara a kan Waza. Amma fa bakin kogin ma ba wasa ba ne, dorina fa?

Jikan Sarkin Ruwa:
Na karanta wa kakana wannan zance duka, shekararsa sama da 50 yana su a Binuwai. Ya yi dariya da aka zo wajen manhaja. Ga abin da ya ce in rubuta, da bakinsa:

A gaya wa malamin, dorina da dare take fita kiwo, da asuba take komawa ruwa, wato daidai lokacin da suke son fita. Tana da hanyarta da take bi kullum, za ka ga ciyawa ta kwanta, ga sawu mai yatsu huɗu kamar an kifa akushi, ga kashi ta watsa a jikin ganye da wutsiya. In kashin ɗanye ne, ba a tsayawa nan. Mutum bai shiga tsakaninta da ruwa, kuma mai ɗa ba a yi mata kallon ƙurilla. Su bari rana ta ɗan fito. Kada kuma su zaɓi wuri da kansu, su zo su tambayi masu jirgi inda take kwana bana, don tana sauya wuri in ruwa ya sauya.

Ya ce kuma in ɗalibi ya rubuta ya ga shamuwa a watan sanyi, a ce ya sake dubawa. Shamuwa da damina take zuwa, ita ke gaya wa manomi ya gyara gona. Balbela ce ke nan kullum tana bin shanu.

Ni kuma nawa ƙarin, Malam: mai jan ku ya zama masunci, kuma a biya shi, ko kaɗan ne. Safiyar da ya ba ku safiyar kamu ce ya bari. A littafin ku buɗe gurbi na sunan tsuntsu da Hausa da Fulatanci kusa da na Faransanci. Kakana ya san sunaye da ni jikansa ban sani ba, kuma ba a rubuce suke ko'ina a gidanmu ba.

Ɗan'uwanku daga Njamena:
Gaisuwa daga bakin Shari. Abu ɗaya da ba wanda ya ambata: hukuma. Madubin hangen nesa da waya mai ɗaukar hoto kusa da gada ko madatsar ruwa suna iya jawo maka tambayoyin da ba ka shirya ba. Ni an taɓa tsare ni rabin yini a kan hoton zalɓe, wai me nake leƙe. Ka riƙe takardar shugaban makaranta mai hatimi, ka gai da jauro ko lawanin unguwar da za ku bi, ka sanar da ofishin gandun daji. Filin naku kuma ya yi nesa da gada.

In ƙungiyar ta yi ƙarfi wata shekara, ku tuna da tafkin Lere a nan Cadi, ba nisa daga iyaka, ruwansa ma ta Mayo Kebbi yake gangarowa cikin Binuwai ɗinku. Akwai ayu a ciki. Yawancin yaranmu sun san ayu a bakin masu magani ne kawai, ba su san dabba ce mai cin ciyawa da ke shayar da ɗanta nono ba. Ganinsa da wuya, sai dai hanci ya ɓullo ya nutse, amma masuntan wurin sun san inda ya yi kiwo.

Malamin SVT, Garwa:
Kai jama'a, Allah ya biya ku. Na fasa ɗaukar mota. Jiya bayan la'asar na je bakin kogi ni kaɗai, na sami wani dattijo yana ɗinkin koma, muka yi kusan awa muna hira. Ya nuna mini wata hanyar dorina da na tsallaka minti biyar kafin nan ban ma lura ba. Ya yarda zai ja mu ranar Asabar ta biyu a Janairu, amma ya ce bakwai da rabi, ba shida ba. Malamar Faransanci ta ce za ta zo in an samo mata hula.

Jikan Sarkin Ruwa, ka gaishe mini da Baba, ka tambaye shi ko zai yarda yara huɗu su zo gida da littafi su ɗauki sunayen nan daga bakinsa. Yayana na Makarantar Namun Daji, saura madubi: in akwai wanda za a ara mana na safiya ɗaya, ni zan zo in karɓa in kuma mayar da hannuna.