Shekara guda ina zana bakin teku ɗaya, amma zanukan kamar a rana ɗaya aka yi su

Ɗalibar Zane ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa masu wannan sana'a. Shekara guda ke nan cur da na ɗaukar wa kaina alkawarin zuwa bakin teku sau biyu a mako, in zauna a wuri ɗaya, in zana abin da ke gabana: wani babban dutse ta hannun hagu, shimfiɗar rairayi, ruwa da sararin sama. Burina shi ne in tara zanukan da za su nuna yadda wurin yake sauya kama daga lokacin zafi zuwa lokacin ruwa, har zuwa lokacin sanyi. A makon jiya na jera su duka a ƙasa, sun haura tamanin, sai gabana ya faɗi, domin in ba don kwanan watan da na rubuta a bayansu ba, ni kaina ba zan iya cewa wannan na wane wata ba ne. Ruwan shuɗi ne a ko'ina, saman ma shuɗiya, alhali da idona na ga ranakun da teku ya yi nauyi ya koma launin dalma, da ranakun da ya yi kore shar.

Ina roƙon waɗanda suka riga ni a wannan hanya su nuna mini inda na kauce. Yaya waɗanda suka ƙarar da rayuwarsu a gaɓar teku suka iya kama bambancin yanayi? Kuma shin a wurin ake kammala zane, ko a gida? Akwai watannin da iska ta hana ni ko kafa allo, har na fara tunanin ko ban dace da wannan aiki ba.

Tsohon Malamin Zane ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Ki kwantar da hankalinki, domin wanda ya jera aikin shekara guda ya duba shi da idon gaskiya ya riga ya yi rabin gyara. Abin da ya same ki na gan shi a hannun ɗalibai da yawa: hannunki yana zana abin da kika sani tun kina ƙarama, wato cewa teku shuɗi ne, kafin idonki ya gama kallon abin da ke gabansa. Galibin launin da ake gani a fuskar teku daga gaɓa aro ne daga sama, shi ya sa idan gajimare ya rufe rana ruwan yake komawa toka-toka. Sauran kuma daga cikin ruwan yake fitowa: bayan guguwa, yashi da laka suna tashi su mayar da bakin ruwa ruwan ƙasa, kuma akwai lokutan shekara da ƙananan tsirran ruwa, waɗanda ido ba ya ganin su ɗaya-ɗaya, suke yawaita har su rina shi kore. Saboda haka ki riƙa farawa da sama, ki gama da ita, sannan ki sauko ruwa.

Sai kuma tsayin rana, wanda a ganina shi ne asirin zanen yanayi. A gaɓar arewacin Faransa, inda aka yi da yawa daga cikin shahararrun zanukan teku, rana takan hau kusan digiri 64 da tsakar rana a ƙarshen Yuni, amma a ƙarshen Disamba ba ta wuce digiri 17, kuma yini yana raguwa daga kimanin awa 16 zuwa 8. Ma'anar wannan ga mai zane ita ce inuwar dutse ɗaya takan zama gajeriya a gindinsa a wani wata, ta miƙe doguwa a kan rairayi a wani watan, haske kuma ya sauya daga fari mai kashe ido zuwa rawaya mai laushi. A ƙasashe masu zafi tsayin rana ba ya sauyawa haka sosai, sai dai danshin iska, hazo, hadari da alƙiblar iska su ne suke raba lokutan shekara. Ko a ina kike, ki dubi inuwar dutsen nan naki, ki kuma dubi layin da sama ta haɗu da ruwa: wata rana yana fitowa tsaf kamar an ja shi da wuƙa, wata rana ya narke har ba a san inda ruwa ya ƙare ba. Ina kyautata zaton a zanukanki tamanin layin nan iri ɗaya ne.

Magabata sun sha gaban wannan matsala ta hanyar ƙananan zanuka masu sauri. Mai zanen Faransa Eugène Boudin, wanda aka haifa a Honfleur a 1824 ya kuma rasu a Deauville a 1898, ya yi kusan duk rayuwarsa yana kallon gaɓar Normandi a arewacin Faransa, kuma shi ne ya fara jan shahararren mai zane Claude Monet zuwa yin zane a waje tun yana saurayi. Yakan yi ƙananan zanukan sama da ruwa da alli mai launi, ya rubuta kwanan wata da sa'a da irin iskar da ke kaɗawa a gefensu. Marubucin nan Baudelaire ya gan su a 1859, ya shaida cewa ko an rufe rubutun da hannu, mai kallo zai iya gane lokacin shekara da sa'a da iska daga zanen kaɗai. Wannan shi ne ma'aunin da kike nema. John Constable na Ingila ma haka ya yi da gajimare a Hampstead a 1821 da 1822, yana rubuta bayanin yanayi a bayan takarda, daga 1824 kuma ya riƙa zana gaɓar Brighton, inda ya kai matarsa saboda rashin lafiya.

Shawarata ita ce ki rage girman allonki zuwa kamar tafin hannu biyu, kada ki wuce rabin awa a kan zane ɗaya, domin bayan haka hasken da kika fara da shi ya riga ya tafi. Kuma na tsawon wata guda ki haramta wa kanki shafa shuɗi kai tsaye daga mazubinsa, sai kin gauraya shi, kin ɗaga buroshin kusa da abin da kike kallo kin gwada.

Ɗan Matuƙin Jirgi ya amsa:

Malam ya faɗi na rana, bari in ƙara da na wata, domin a cikin jirgin ruwa na tashi kafin in riƙe buroshi. 'Yar'uwa, ba ki ambaci cikar teku da janyewarsa ba, kuma ina tsoron ba kya lissafa su. A mafi yawan gaɓoɓi teku yana cika sau biyu ya janye sau biyu a cikin awa 24 da minti 50, don haka kullum cikar takan yi jinkirin kusan minti 50 a kan ta jiya. Idan kina zuwa ƙarfe tara na safe kowace Talata, to wata Talatar ruwa yana gindin dutsenki, wata kuma ya ja da baya ya bar jiƙaƙƙen rairayi mai sheƙi kamar madubi, wanda yake ɗaukar hoton sama fiye da tekun kansa. A kwanakin tsayuwar wata da na cikarsa, wato kusan kowane mako biyu, ruwan ya fi hawa kuma ya fi janyewa. Idan zanukanki duka sun ajiye bakin ruwa a wuri ɗaya, to daga ƙwaƙwalwa kike zana shi.

Ina kuma roƙonki saboda Allah ki riƙa duba jadawalin cikar teku na ranar da za ki fita. A ranar 27 ga Nuwamba, 1885, Monet yana aiki a gindin tsaunukan alli na Etretat a gaɓar Normandi, ya ɗauka ruwa janyewa yake yi saboda ya duba jadawalin da ba na ranar ba, sai wata babbar igiyar ruwa ta maka shi da dutse ta ja shi ciki. Da rarrafe ya fita, allonsa da kayan aikinsa kuwa teku ya tafi da su. Mai zane idonsa yana kan allo, kuma ruwa yakan zagayo ta bayan mutum ya datse hanyar komawa tun kafin ya taɓa ƙafarsa.

Mai Fentin Ruwa ta amsa:

Ƙanwata, na yarda da Malam a kan ƙananan zanuka, amma da izininsa zan saɓa wa fahimtar da ake yawan ɗauka daga irin wannan magana, cewa aikin ƙwarai duk a waje ake gama shi. Gaskiya ne fita da fentin mai ta yi sauƙi bayan da John Goffe Rand ya ƙirƙiro bututun kuza mai matsewa na zuba fenti a 1841, kuma gaskiya ne akwai ƙwayoyin yashi maƙale cikin fentin zanen da Monet ya yi a gaɓar Trouville a 1870, wanda yake gidan adana zanuka na ƙasa a Landan. Amma shi Monet ɗin, da ya je tsibirin Belle-Île a watan Satumba na 1886 ya zauna har ƙarshen Nuwamba, yana ɗaure abin jingina allonsa da igiya da duwatsu saboda iska, ya koma da zanuka 39, kuma a ɗakin zanensa na Giverny ya ƙarasa su. Waje wurin tattara shaida ne, ɗaki kuma wurin yanke hukunci, kuma ban ga dalilin da zai sa ki ji kunyar ko ɗaya ba.

Wanda ya fi burge ni a wannan fanni shi ne Winslow Homer na Amurka. Bayan ya zauna cikin masunta a Cullercoats ta Ingila a 1881 da 1882, ya koma Prouts Neck a jihar Maine a 1883, kuma can ya zauna har rasuwarsa a 1910. Ɗakin zanensa yana da baranda mai fuskantar teku, kuma yawancin aikinsa kallo ne: yana tafiya a kan duwatsu, yana jiran guguwa, yana nazarin yadda igiyar ruwa take fashewa. Zanensa na iskar arewa maso gabas, wanda ya yi a 1895, da farko yana da mutum biyu a kan dutse, daga baya ya goge su ya ƙara girman feshin ruwan, domin ya fahimci cewa ruwan ya isa ya ɗauki zanen shi kaɗai. Irin wannan shawara ba a yanke ta cikin rabin awa da iska a fuska. Kuma ki lura, shi ma ba kowane hunturu yake daurewa a can ba, sau da yawa yakan tafi Florida ko tsibiran Bahamas ya yi aiki da fentin ruwa.

Game da watannin da iska ta kore ki, laifin babban allo ne, domin a gaban iska yakan zama kamar filafilan jirgi. Ki zauna ƙasa a bayan dutse, ki ɗora ƙaramin katako a cinya. Fentin ruwa yana jinkirin bushewa idan iska ta yi danshi, feshin gishiri kuma yana barin ɗige-ɗige a kansa, fentin mai kuwa yana yin tauri cikin sanyi, kuma idan yashi ya faɗa masa ki bar shi ya bushe kafin ki kakkaɓe. Ranar da ta gagara gaba ɗaya, fensir da littafi sun isa: ki zana siffar igiyar ruwa, ki rubuta launukan da kalmomi. Mafi kyawun zanukan guguwa da na taɓa yi daga irin waɗannan shafuka suka fito. Wani dillali ya taɓa ce mini in daina su domin masu saye rana da shuɗin ruwa suke so, na bi maganarsa shekara biyu, kuma har yau ina baƙin cikin lokutan sanyi biyun da na bari suka wuce ban zana ba.

Tsohon Malamin Zane ya sake amsawa:

Hajiya ta yi gaskiya, kuma ban musa ba. Abin da kawai nake tsoro shi ne, ɗalibin da idonsa bai ƙoshi da kallo ba, idan ya koma ɗaki da wuri, shuɗin nan da ya saba da shi yakan dawo ya mamaye allon. Homer ya yi shekaru yana kallon duwatsu ɗaya kafin ya amince wa ƙwaƙwalwarsa. Don haka, 'yata, idan za ki yi babban zane a gida, ki jingina ƙananan na waje a gabanki, kuma duk inda suka saɓa wa abin da kike tunawa, su za ki bi. Maganar dillali kuwa, Boudin ya haura shekara hamsin da biyar kafin dillalin zanuka Paul Durand-Ruel ya fara sayen ayyukansa a kai a kai a 1881, kuma duk tsawon shekarun ƙuncin bai daina zana gaɓar teku ba.

Ɗalibar Zane ta rubuta:

Na gode, Malam, na gode, Yaya, da kai ɗan'uwa, Allah ya saka da alheri. Na koma na duba zanukan, kuma kamar yadda kuka faɗa, bakin ruwa yana wuri ɗaya a kusan dukkansu, dutsen kuma inuwarsa ba ta taɓa motsawa ba. Guda uku kaɗai suka fita daban, kuma dukkansu na ranakun da hadari ya taso ne na yi su cikin gaggawa, har na so in yaga su a lokacin. Na yanka ƙananan katako ashirin, na samo jadawalin cikar teku na wannan wata, kuma jibi ruwa zai kai ƙarshen janyewarsa jim kaɗan bayan fitowar rana, don haka da shi zan fara. Tambaya ɗaya ta rage mini, Yaya: a shafukan da kike rubuta launuka da kalmomi, yaya kike bambance toka-tokan sama da toka-tokan ruwa, yadda idan kin koma gida bayan kwana uku za ki iya haɗa su daidai?