Wata 7 da yi min aikin jijiyar gwiwa (ACL), kulob na so in dawo yanzu: in sa hannu ko in jira?

Dogo_11:
Salam 'yan'uwa. Don Allah shawarar waɗanda abin ya taɓa samu a jikinsu nake nema. Ƙwallon kwando ce sana'ata, shekarata 26, ƙaramin lig ne amma da shi nake ci. Na tsinke ACL, wato jijiyar da ke riƙe gwiwa daga ciki, a gwiwar hagu, na tashi ɗaukar ribaun (ƙwallon da ta dawo daga kwando) na sauko a kan ƙafar wani sai kawai na ji ƙas. An yi aiki, daga jijiyar bayan cinyata suka ciro suka dasa, yau wata 7 da 'yan kwanaki. Gudu miƙe ba matsala, ina jifa lafiya lau, amma in zan yi kwana da sauri har yanzu zuciyata ba ta yarda da ƙafar ba, kuma duk ranar da na yi tirenin mai nauyi da daddare sai ta ɗan kumbura. Fisiyona, mai kula da motsa jikina bayan aikin, ya ce cinyar hagu ba ta kamo ta dama ba, in ƙara wata 2 zuwa 3. To kwantiragina ya ƙare, kulob sun ce za su sabunta min na kaka ɗaya in har zan shiga fili nan da sati 3, in ba haka ba za su ɗauko wani a gurbina. Wa ya taɓa dawowa a wata 7 ko 8, ya aka ƙare?

Mai_Lissafi:
Allah ya ƙara sauƙi ɗan'uwa. Kar ka karaya, dubi Klay Thompson lokacin da yake Golden State a NBA, babban lig ɗin ƙwallon kwando na Amurka, ya tsinke ACL a fainal ɗin 2019 da Toronto, yana shirin dawowa kuma agararsa ta tsinke a Nuwamban 2020, kwana 941 bai buga ba, ya dawo Janairun 2022 ya ci maki 17 a wasan farko da Cleveland kuma a shekarar suka ɗau kofi. Jamal Murray ma kaka guda cur ya zauna bayan nasa na 2021, a 2023 Denver suka ci kofi da shi.

Sarkin_Benci:
Ni dai shekara 6 ina ƙwallo ko targaɗe ban taɓa yi ba. Sirrin shi ne koci ba ya saka ni hhhh

ƙanwar_gad:
kar ka yarda a yi maka aikin sai ka je wajen likita na biyu, wani lokacin motsa jiki kawai ya isa

Dogo_11:
'Yar'uwa ai an riga an yi, wata 7 ke nan, na faɗa a sama.

Tsohon_Senta:
Ƙanina zauna ka ji. Abin da kake faɗa kamar ni na rubuta shi shekara 9 da suka wuce. Nawa gwiwar dama ce, daga jijiyar ƙoƙon gwiwa aka ciro min, a wata 6 da rabi koci ya fara kirana kullum wai ƙungiya na buƙatata, wai minti 10 kawai zan riƙa yi a wasa har in warware. Ejan ɗina ma ya ce in ban fito an gan ni ba kasuwata ta mutu. Na sa hannu. Wasa na farko minti 10 kamar yadda aka ce, na biyu 18, na uku ɗan wasan tsakiyarmu ya cika fawul aka fitar da shi, aka bar ni kusan minti 30, na huɗu ba wanda ya ko taɓa ni, juyawa kawai na yi zan bi wani yaro sai ƙafar ta tafi. Wlh kafin in kai ƙasa na san me ya faru, wanda ya taɓa jin wannan ƙarar ba ya manta ta. Abin da ya fi ciwon zafi shi ne sati biyu bayan nan aka kira ni ofis aka nuna min wani layi a kwantiragin da ni ban ma karanta ba, wai in tsohon ciwo ya tashi suna da damar raba gari ba tare da biyan sauran albashi ba. Aiki na biyu daga aljihuna na yi shi. Kocin da ke kirana kullum ko saƙon sannu bai turo ba.

Mai_Lissafi:
Innalillahi. Amma yaya kowa da ƙaddararsa, Dominique Wilkins agara ta tsinke masa a 1992 yana da shekara 32 ya dawo yana cin kusan maki 30 a kowane wasa.

Tsohon_Senta:
Kai malam daina kawo mana 'yan NBA. Klay ɗin da ka ambata, da tsinkakkiyar gwiwar Golden State suka ba shi kwantiragin shekara 5 na dala miliyan 190, yana kwance kuɗinsa na shiga, likitocin kulob na kansa safe da yamma. Kevin Durant ma da ƙafa a ɗaure Brooklyn suka ɗauke shi shekara 4. Wanda ke da irin wannan takardar ai jira ba wahala ba ne a wajensa. Wannan yaron sati 3 aka ba shi. Kuma tunda ka iya lissafi me ya sa ba ka faɗi yadda Durant ɗin ya samu nasa ba? Ciwon sha-raɓa ya yi wata guda a waje, ya dawo wasa na 5 a fainal ɗin 2019, minti 12 ya buga agarar ta tsinke, kaka guda ta tafi.

Fisiyo_ce:
Bari in sa baki tunda aikina ne. Dogo abin da mutane ba sa ganewa shi ne jijiyar da aka dasa ba ta zama ACL ranar da aka dasa ta, jiki ne ke sake gina ta a hankali, jini ya shiga, ta canza, kuma wannan yana cin watanni da yawa, har ya wuce shekara. Shi ya sa za ka ji ƙafar garau alhali cikin bai gama ba. Yawancin masu wannan aiki ba sa son mai wasan tsalle da kwana ya koma gasa kafin wata 9, kuma ba watan kawai ake ƙirgawa ba, ana so ƙarfin cinyar da aka yi wa aiki ya kai aƙalla kashi 90 cikin 100 na lafiyayyar, haka a gwajin tsalle da ƙafa ɗaya. Kumburin da kake gani da daddare gwiwar ce ke gaya maka nauyin ya yi mata yawa. Tsoron kwanan nan ma ba ragwantaka ba ce, muna saka shi cikin abin da muke dubawa. Nawa cinyarka ta nuna a gwajin ƙarshe?

Dogo_11:
Da hannu ya gwada anti, ba mu yi na injin auna ƙarfin cinya ba, an ce min kuɗinsa ya kusa rabin albashina na wata.

Lamba_23:
Rabin albashi?? An so a yanke ka ne kawai. Ni sau uku na yi gwajin injin nan, duka ukun a haɗe ba su kai kuɗin takalmin wasa ɗaya ba.

Tsohon_Senta:
Ƙila a asibitin koyarwa ka yi ko kulob ya biya wani abu ba ka sani ba. Ni lokacina gwaji ɗaya ya fi takalmi biyu, zaman fisiyo kuwa na wata 10 ya ci fiye da kuɗin tiyatar kanta.

Lamba_23:
A'a yaya, tiyatar ce mai tsada, fisiyo ai ba komai ba ne, bayan wata 3 ma ni kaɗai na ci gaba a jim ina kallon YouTube. Na dawo a wata 7 daidai kuma yau kaka ta huɗu ke nan ƙafata ƙalau. Dogo ka sa hannu kawai, ka sayi abin ɗaure gwiwa mai ƙarfe a gefe, in ka zauna kaka guda an manta da kai. Jiki magayi, kai ka san ƙafarka ba wani inji ba.

Fisiyo_ce:
Na taya ka murna amma sa'a ka yi, kuma abin ɗaurin nan ba ya hana jijiya tsinkewa in cinya ba ƙarfi, kwanciyar hankali ya fi bayarwa. Shi kuma ya ce tasa tana kumbura, taka tana yi a lokacin?

Lamba_23:
Anti da girmamawa, kin taɓa tsayawa a fili ana saura sakan 20 kuwa? Ku kullum a jira a jira, ku albashinku ba ya tsayawa in mun jira.

Fisiyo_ce:
Shekara 8 na buga ƙwallon kwando a matsayin gad kafin in koma makaranta, tabo biyu ne a gwiwata in kana so in turo hoto. Kuma waɗanda suka yi irin naka bai yi musu kyau ba ba sa zuwa nan su ba da labari, wajena suke zuwa da sanduna.

Sarkin_Benci:
Toh fa. Lamba 23 an yi maka bulok, ƙwallon ta fita waje 😂

Mai_Lissafi:
Gaskiya maganar jira ma ba tabbas ba ce. Derrick Rose ya tsinke nasa a Afrilun 2012 a wasan farko na filof (wasannin neman kofi na ƙarshen kaka) da Philadelphia, shekara ɗaya bayan ya zama MVP (gwarzon ɗan wasan kaka) mafi ƙarancin shekaru, ya ƙi dawowa kakar 2012-13 gaba ɗaya duk da surutun da 'yan Chicago suka yi ta yi masa, ya jira wata 18, da ya dawo wasa 10 kawai ya buga guringuntsin ɗaya gwiwar ya yage. Sai 2018 aka sake ganin Rose na da, ranar da ya ci wa Minnesota maki 50 a kan Utah har yana kuka. Ni dai ina ganin abin rabo ne.

Fisiyo_ce:
Ɗaya gwiwar fa ka ce. Wannan ai hujjata ce ba taka ba, lafiyayyar ƙafar ita ma tana cikin haɗari bayan ACL saboda ita ke ɗaukar nauyin, shi ya sa muke gina duka biyun.

Tsohon_Senta:
Ku bar maganar gwiwa ma tukuna, ni abin da ke ci min rai har yau ejan ne. Mutumin da ya karɓi kasonsa ranar da na sa hannu, shi ya karanta takardar, ya ga layin nan na tsohon ciwo ya yi shiru don kar cinikin ya lalace. Da na faɗi na kira shi ya fi sau 40. Bayan wata 5 na gan shi a wani wasa yana zaune da wani sabon yaro dogo, ya ɗago min hannu daga nesa kamar ba komai. Inshora kuma suka ce ciwon da aka shigo da shi ne ba ruwansu. Na sayar da motata, matata ce ta riƙe gidan shekara guda da rabi, yanzu yara nake koyarwa kuma ko matakala zan sauka sai na riƙe ƙarfe.

Gefen_Hagu:
Wlh yaya ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Ni ba ma ciwo na ji ba, albashin wata 4 kulob suka riƙe min, ejan ya ce in yi haƙuri kar in ɓata suna, ashe yana da wasu yara uku a kulob ɗin ba ya son faɗa da su. Ejan na kulob ne ba naka ba, kai dai kaya ne.

Mai_Lissafi:
Ko a NBA ana yi ai. Isaiah Thomas ya buga wa Boston filof ɗin 2017 da ciwon ƙugu, 'yan kwanaki bayan rasuwar ƙanwarsa, watanni kaɗan suka tura shi Cleveland, babban kwantiragin da yake jira bai taɓa zuwa ba. DeMarcus Cousins ma agara ta tsinke a Janairun 2018 ana dab da ya ci kasuwa, ya ƙare da shekara ɗaya a Golden State kan dala miliyan 5.3.

Sarkin_Benci:
Allah ka jarrabe ni da faɗuwar kasuwa irin ta dala miliyan 5.3

Lamba_23:
Ba duka ejan ne haka ba dai, nawa shi ya biya min rabin kuɗin hoton MRI. Ku ne ba kwa karanta abin da kuke sa wa hannu sai abu ya faru ku zo kuna zagi.

Gefen_Hagu:
Shafi 14 da yaren lauyoyi, an ajiye maka biro ana jiranka jirgi na tashi gobe, kai karantawa ka yi?

Dogo_11:
Na gode muku duka, yaya Senta labarinka ya hana ni cin abinci wlh. Na ɗauko takardar da suka turo na duba, akwai wani wuri da ya ce sai na ci gwajin likitan kulob, kuma suna iya sake gwada ni a cikin kwana 60 na farko, ban gane ko shi ne irin layin da ka ce ba. Na yi tunanin in ce musu zan sa hannu amma in fara da tirenin kawai sai bayan wata 2 in shiga gasa ko da za su rage albashin, ban sani ba ko ana yin haka. Akwai wanda ya taɓa gwada wannan?

Tsohon_Senta:
Likitan kulob wa ke biyansa? Amsa wannan tukuna. Turo min hoton shafin ta inbox in gani, ka rufe sunayen.

Fisiyo_ce:
Ka je ka yi gwajin injin kafin komai Dogo, ko nawa ne, ka riƙe takardar sakamakon a hannunka ba a fayil ɗinsu ba.

Gefen_Hagu:
Ni tambayata wai akwai inda ake kai ƙarar ejan a kwato kason da ya ci? Don nawa har yau yana saka hotona a shafinsa wai yaronsa.

Lamba_23:
FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, na da kotun sasanci ta BAT amma sai in an rubuta ta a kwantiraginka, kuma sai ka fara ajiye kuɗi kafin su saurare ka.

Gefen_Hagu:
Kuɗi kuma? Da ina da su ai da ban nemi na wata 4 ɗin ba.

ƙanwar_gad:
wai Lamba abin ɗaure gwiwar nan mai ƙarfe har yanzu yana wajenka? in ba ka amfani da shi ina so, wane size ne