Lisbon ko Coimbra? Ina neman shawarar waɗanda suka san zaman ɗalibi a Fotugal

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. An ba ni gurbin digiri na biyu a jami'o'i biyu a Fotugal, kuma kafin ƙarshen mako mai zuwa dole in biya kuɗin riƙe gurbi a ɗaya. A Lisbon da Turanci ake koyarwa. A Coimbra da Fotugis ne, sai dai sun ce za su karɓi kundin bincike da Turanci. Kuɗin makaranta an riga an ware shi daban. Abin da gida za su iya turo min na ci da kwana Yuro 750 ne a wata, babu ƙari. Shekaruna 26, ba ni da kowa a can. Wannan kuɗin zai riƙe ni a Lisbon, ko in tafi Coimbra in yi fama da harshe?

Baban Amira:
Wa alaikumus salam. Me ya hana ka neman Jamus? Yawancin jami'o'in gwamnatinsu ba sa karɓar kuɗin makaranta.

Yaya Babba:
Ƙanena, Lisbon za ka tafi, kada ka yi wata-wata. Ɗaki Yuro 300 a unguwar Arroios ko Benfica, abinci 150, katin mota kyauta ne ga ɗalibai. Har canji zai rage maka.

Malam Na Braga:
Yaya Babba, Allah ya ƙara girma, yaron ya ce shekarunsa 26. Katin kyautan nan iyakarsa shekara 23. Shi sai ya sayi katin wata na Navegante: Yuro 30 a wata idan cikin birnin Lisbon kaɗai zai riƙa yawo, 40 idan zai haɗa da Amadora, Odivelas, Almada da sauran kewaye. Ɗakin 300 kuma a tsakiyar Lisbon yanzu sai dai gado a ɗakin mutum biyu. Ɗakin mutum ɗaya a gidan haɗaka daga 450 yake farawa, yakan haura 600.

Ɗan Fagge, ga lissafin yadda nake ganinsa. A Lisbon: ɗaki 500, wuta da ruwa da gas da intanet 40 zuwa 50 idan ba a haɗa su cikin haya ba, kati 40, layin waya kamar 10. Saura 150 na abinci da sabulu da magani da komai. Ana rayuwa a haka, amma ranar da takalmi ya yage lissafi ya rushe. A Coimbra ɗaki 250 zuwa 350 ne a Celas, Solum ko kusa da Praça da República, kuma garin ƙarami ne, da ƙafa za ka ci rabin zirga-zirgarka, sai dai akwai hawan tudu sosai zuwa tsohuwar jami'a.

Kafin duk wannan, duba maganar biza. Shaidar kuɗin zama da mafi ƙarancin albashin ƙasar ake auna ta, wanda ya kai Yuro 870 a 2025. Ana sassauta wa ɗalibin da ya nuna an tanadar masa masauki. Don haka takardar masauki ta shafi bizarka kai tsaye.

Hajiya Mai Lalle:
Ɗana, tunda an zo maganar masauki, saurare ni da kyau. Ƙanena ya ga ɗaki a wani zauren Facebook na masu neman haya a Lisbon, Yuro 380, hotuna masu kyau. Mai tallan ya ce yana ƙasar waje wajen aiki, a turo kuɗin ajiya na wata biyu da hayar wata biyu, zai aiko da makulli. Har hoton katin shaida ya turo, da kwantaragi mai sa hannu. Aka haɗa Yuro 1,520 aka tura, mahaifiyarmu sai da ta sayar da awarwaronta. Yaron ya sauka da akwati biyu, ya je adireshin, wata tsohuwa ta buɗe ƙofa ta ce ita ba ta taɓa ba da haya ba. Lambar waya a kashe. Katin shaidar ma na wani bawan Allah ne da aka yaudara kafin shi.

Ya koma masaukin matafiya yana biyan gado kullum har kuɗin wata uku ya ƙare a cikin ɗaya. Da ya samu ɗaki na gaskiya, mai gidan ya ce babu kwantaragi babu rasit, kuɗi a hannu. Ya yarda don ya gaji. To ba kwantaragi, ba shaidar adireshi, ita kuwa ake nema a kusan kowace takarda ta gaba. Ɗakin ba taga, bango ya yi baƙi da danshi, watan Janairu ya kwanta da ciwon ƙirji, jarrabawar zangon farko ta wuce shi. Har yau in na tuna kukan mahaifiyarmu a waya raina ɓaci yake.

Bazazzagiya:
Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Irin wannan tarkon ya yi yawa a watan Agusta da Satumba. Alamominsa ba sa canzawa: farashi ƙasa da na unguwar, mai gida ba ya gari, ana matsa maka ka biya yau. Abin yi shi ne ka kama masaukin wucin gadi na mako biyu, ka je ka ga ɗaki da idonka, ka buɗe famfon ruwan zafi, ka duba bayan kabad da kusurwar silin ko akwai baƙin danshi. Ka tambaya ko kuɗin wuta da ruwa suna cikin haya, su suna cewa despesas incluídas. Ka nemi kwantaragin da aka yi wa rajista a ofishin haraji, Finanças, da rasit na kowane wata. Kuma doka ba ta yarda a karɓi ajiyar da ta wuce hayar wata biyu ba, haka ma biyan gaba bai wuce wata biyu.

Yawancin tsofaffin gidajen ƙasar ba su da na'urar ɗumama gida. Hita ta lantarki tana cin wuta sosai, ita ce ke haddasa rigima tsakanin abokan haya in takardar wutar Fabrairu ta zo.

Yaya Babba:
Allah ya kyauta. Amma ni dai na san ana samun ɗakin 300. Ku daina tsorata yaro.

Malam Na Braga:
Yaya, farashin wace shekara kake kawowa? Haya ta yi tashin da har matasan ƙasar suka cika tituna a Lisbon da Porto a 2023 suna zanga-zangar gidaje.

Yaya Babba:
Kai da kake Braga, nisan kilomita sama da 300, kai ne za ka faɗi farashin Lisbon?

Bazazzagiya:
Ku yi haƙuri yayyena. Ɗan Fagge ya buɗe shafin neman haya na Idealista yanzu ya sa sunan unguwa, gardama ta ƙare. Ya kuma rubuta wa ofishin walwalar ɗalibai na kowace jami'a, Serviços de Ação Social, ya nemi ɗakin kwanan jami'a tun yau. Gurabe kaɗan ne kuma masu tallafin karatu ake fara ba wa, amma neman ba ya cin kuɗi.

Ɗan Sporting:
Ɗan Fagge, ka bar dogon lissafi. Lisbon akwai Sporting da Benfica. Ƙungiyar ƙwallon Académica ta Coimbra a 2022 ta gangara aji na uku, wa za ka je kallo? Ka tafi Lisbon ka riƙa aiko mana da riga.

Na Damagaram:
Ba wanda ya taɓo harshe, shi ne kuwa rabin tambayar. Karɓar kundi da Turanci daban, zaman aji daban. Maki daga 0 zuwa 20 ake bayarwa, 10 ne cin jarrabawa, kuma lacca da aikin rukuni da tattaunawa duk da Fotugis za su gudana. Fotugis ɗin Turai yana haɗiye wasula, wanda ya koya da manhajar waya yawanci na Brazil ya koya, sai ya zo aji ya kasa kama magana. Mai Faransanci yana saurin gane rubutu. Kai da Turanci kaɗai gare ka, zangon farko zai yi maka nauyi, ko da akwai jarrabawar gyara da suke kira recurso. Rubuta wa shugaban kwas ɗin ka tambaye shi darasi-darasi wanne ake yi da wane harshe, ka ajiye amsar a rubuce.

A gefe guda, a Coimbra za ka fi saurin shiga cikin ɗaliban ƙasar. Jami'ar tun 1290 take, garin kacokan a kanta ya dogara. Ɗalibin Fotugal yana cin rana a kantin jami'a a kan kusan Yuro 3: miya, burodi, babban abinci da ɗan kayan zaƙi. Bayan nan kofi a tsaye, sai ɗakin karatu. Ranar Juma'a da yamma za ka ga suna jan akwati zuwa tashar Coimbra-B, su tafi gida, Lahadi su dawo da abincin da uwa ta dafa na mako guda. Shi ya sa lissafinsu ba zai zama naka ba, ga shi kuma kuɗin digirin farko na ɗan ƙasa an ƙayyade shi a Yuro 697 a shekara, baƙo kuwa dubbai yake biya. Baƙar alkyabbar da suke sawa da al'adar praxe ta wahalar da sababbin ɗalibai ba dole ba ce, ɗan digiri na biyu ma ba a cika nemansa ba. Bikin Queima das Fitas na watan Mayu mako guda ne na kiɗa da giya, mai son barci kada ya kama ɗaki kusa da kogin Mondego.

Suna son hirar siyasa. Tsadar haya, ƙarancin albashi, da ko za su zauna ko su yi ƙaura zuwa Jamus ko Holan bayan kammalawa. Ranar 25 ga Afrilu ta 1974, da aka kifar da mulkin kama-karya, abin alfaharinsu ce. Za su tambaye ka ra'ayinka kan Gaza da Yukren, kuma za ka ji muhawara mai zafi kan baƙi tun da jam'iyyar Chega mai neman a taƙaita shigowar baƙi ta samu kujeru 60 a majalisa a 2025.

Bazazzagiya:
Kantin nan a yi hattara, alade ya yi yawa a girkinsu. Haddace waɗannan sunayen alade da kayan da ake yi da shi: porco, presunto, fiambre, chouriço, toucinho, banha. Miyar caldo verde ana jefa mata yankan chouriço, alheira kuma, wato wani nau'in sosej, ko an ce ta kaza ce sau da yawa da kitsen alade a ciki. Ka ɗauki kifi ko abincin ganye, tun 2017 doka ta wajabta wa kantunan gwamnati su tanade shi. Naman halal a Lisbon yana nan birjik a Martim Moniz da titin Benformoso, ga babban masallaci kusa da Praça de Espanha. A Coimbra masallacin ƙarami ne, zaɓin nama ma kaɗan.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai. To idan na samu ɗan aiki a Lisbon, ba zai cike giɓin ba? Wanda ya taimaka min da cike takardu ya ce aiki na jira tun makon farko.

Hajiya Mai Lalle:
Wane ne wannan? Ejan ne? Nawa ya karɓa a hannunka?

Malam Na Braga:
Doka ta yarda ɗalibi ya yi aiki, amma sai ka samu lambar haraji NIF, lambar inshorar ma'aikata NISS, da asusun banki, kuma katin zama daga hukumar kula da baƙi ta AIMA, wadda ta gaji tsohuwar hukumar SEF a Oktoban 2023, yana iya ɗaukar watanni. Kada ka sa albashin da ba ka gani ba a lissafin zangon farko.

Baban Amira:
Ejan-ejan ɗin nan su ne masifar. Neman gurbi a shafin jami'a ake yinsa kai tsaye, kuɗin fom bai taka kara ya karya ba, su kuma su caji miliyoyin naira. Har yanzu suna faɗa wa yara a shiga da bizar yawon buɗe ido a gyara takarda a can, alhali tun Yunin 2024 aka rufe wannan ƙofar.

Hajiya Mai Lalle:
Wani ma riƙe ainihin takardun yaro yake yi sai an cika masa kuɗi. Ɗan Fagge, ba ka amsa min ba. Takardar digirinka da fasfonka suna hannun wa yanzu?