Musayar Waƙa a Kan Barden Glin

Malam Ɗanjuma:
Ku matso ku ji na Ailan, 'yan'uwa,
Gidan FitzGerald, sarauta mai daɗewa,
A Glin ta yankin Limerick, inda kogin Shannon ke wucewa,
Barde 29 suka yi ta hawa.
A 2011 na ƙarshensu, Desmond, ya yi rasuwa,
'Ya'yansa uku mata, ba namijin gajewa,
Shekara kusan 700, ga ta ta zo ƙarewa.

Hajiya Asabe:
Malam, ka iya baiti, amma ban gamsu ba,
Gida mai 'ya'ya uku ai bai mutu ba.
Al'ada ce ta ce mace ba za ta hau ba,
Sunan ya tafi, jinin bai ƙafe ba.
An sa gidansu na Glin a kasuwa a 2015, ba a sayar ba,
Babbar 'yar ta riƙe shi, ba ta sake ba.

Sani Ƙaramin Mawaƙi:
Hajiya, a yi haƙuri, Desmond fa, ga labarin kakansa:
A 1600 Carew, kwamandan Ingila, ya zo da rundunarsa,
Ɗan Barde na hannunsa, ya kai shi bakin igwarsa,
Ya ce a miƙa wuya ko yaro ya rasa ransa.
An ce Barde ya aiko da amsarsa:
Wai a harba, da sauran ƙarfi a jikinsa,
Matarsa na haihuwa, za ta ba shi madadinsa.
Wannan cika baki, ina ma ya ga jikansa!

Hajiya Asabe:
Ɗana Sani, ka kawo mini makami,
Wa ya aiko Carew da wannan gangami?
Sarauniya Elizabeth ta Farko ta Ingila, mace, ba ta da gemu balle rawani,
Ita ta ci Glin da yaƙi, to wa ya fi wani?

Malam Ɗanjuma:
Hajiya ta kama ni, na ba da gari,
Amma bardayen uku ne tun da fari:
Baƙi na Glin, sai Kore, sai kuma Fari.
Sarautar Fari ta daɗe da kwanciya tun tuni,
Tsarin mulkin 1937 ya yi hani,
Gwamnatin Ailan ba ta naɗa sarauta ga wani.
Koren Barde na Kerry shi kaɗai ke da rawani,
Sir Adrian, na 24. Sani, ɗauki baitin, ka ba ni.